Ƙudan Zuman Ranau da Kaskon Kajin Gandu

Cikin duk shekarun da na yi ina kiwon kaji a gandu, ban taɓa mantawa da ranar da na fito da hantsi na tarar da kaskon ruwa ya yi baƙi ƙirin da ƙudan zuma ba. Kaji sun yi cirko-cirko daga nesa, baki buɗe saboda ƙishi, babu wadda ta iya matsowa. Tunda yanzu ku ne za ku karɓi wannan aiki daga hannuna, ya kamata ku ji yadda abin ya kasance, don wata rana zai iya zuwa kanku.

Abin ya faru ne 'yan shekaru kafin yaƙin basasar sarautar birni, a cikin bazara, lokacin da ɗorawa ta nuna. Gandun da nake aiki a lokacin yana kusa da rafin Watari, na wani hakimi ne da ke zaune a birni. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, hakimi ba ya zuwa gandu, wataƙila sau ɗaya a shekara. Wanda ke riƙe da komai a madadinsa shi ne Sarkin Gandu. Shi ke raba aikin noma, shi ke riƙe da rumbuna, shi ke hukunta wanda ya yi laifi ƙarami. Tsakanin Sarkin Gandu da hakimi kuma akwai jakada, wanda ke kawo umarni daga birni ya koma da labari. Abin da jakada ya faɗa a gaban hakimi shi ne gaskiya, ko da mu a nan mun san ba haka ba ne.

Ni a gandun aka haife ni, sunana Audu, amma kowa Na-Kaji yake kirana. Kaji da zabi da 'yan agwagi duk suna hannuna. Ba nawa ba ne, na hakimi ne. Idan salla ta matso ko an yi baƙi a birni, sai a aiko, in kama in ɗaure a kai. Kowace Juma'a Sarkin Gandu, wani dogon mutum mai suna Barau, yakan zo bayan gida inda akurkai suke, in watsa tsaki su taru, ya dube su da ido. Bai cika magana ba. Idan ya ga sun ragu, kallona kawai yake yi, kuma kallon nan ya fi zagi ciwo.

Da farko na ɗauka abin na yini ɗaya ne. Na kawo busasshen kashin shanu na kunna, hayaƙi ya kori ƙudan. Kafin in juya sun dawo. Na ɗauke kaskon na mayar gindin rumbu, suka bi shi. Na rage ruwan, na ƙara ruwan, duk ɗaya. Tun hantsi har la'asar suna kai, wasu na sauka wasu na tashi, kamar kasuwa. Wata kaza mai 'ya'ya ta yi ƙarfin hali ta sa baki, aka harbe ta a ido, ido ya kumbura ya rufe. 'Yan tsaki kuwa ba sa jure ƙishin bazara, na riƙa tsintar su a inuwar danga sun miƙe. Zabi su ne suka fi ba ni wahala. Zabo ba ya jira. Da suka ga ba ruwa a gida, sai suka fara gangarawa rafi, kuma ba duk wanda ya tafi ke dawowa ba. Muzuru na nan, dila na nan, masu tarko ma na nan.

Juma'ar da ta biyo, Barau ya zo. Ya dubi zabin ya daɗe, sannan ya ce, "Na-Kaji, ina sauran?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙudan zuma ne suka hana su shan ruwa, suna tafiya rafi."

Ya ce, "Ƙudan zuma na cin zabo?"

Na ce a'a. Ya ce, "To ni dai na san ranar kasuwa zabo na da kuɗi." Ya juya ya tafi.

Nan take na gane. Yana zargin ina sayarwa ne ina fakewa da ƙuda. Wanda aka kama da irin wannan a gandu, ba duka kawai yake sha ba, ana iya mayar da shi wani gandun mai nisa ya bar iyalinsa. Ina da mata a lokacin da 'ya'ya ƙanana.

Ni kuma nawa zargin ya tafi kan wani. A gabas da mu, bayan gonar gero, akwai gidan Maguzawa, babbansu wani dattijo ne ana ce da shi Ranau. Tun kafin a kafa gandun kakanninsa ke wurin. Shi ke da amyoyin da ke rataye a kan itatuwan yankin duka, har da manyan ɗorawoyi guda biyu da ke bakin iyakarmu. Amya, ga wanda bai sani ba, ita ce gidan da ake saƙa wa ƙudan zuma da ciyawa a shafe da kashin shanu a ɗora a reshe. Kowace shekara Ranau na aika wa hakimi tulun zuma, shi ya sa ba a taɓa shi. Amma mutanen gandu ba su taɓa sakin jiki da shi ba. Suna cewa yana magana da ƙudansa, inda ya ce su je nan suke zuwa. Da abin ya yi tsanani, mata a bakin rijiya suka fara cewa ai turo su ya yi, wai don shanun gandu sun shiga masa gona da damina ba a biya shi ɓarna ba. Ni ban ce na yarda da tsafin ba, ban kuma ce ban yarda ba. Abin da na sani, ƙudan nasa ne, kajin da ke mutuwa kuma a wuyana suke.

Sai na fara kashe ƙudan. Idan sun taru, in kwara musu ruwan zafi. Ƙasa ta yi ta cika da gawarsu, amma kamar ƙara su ake yi.

Wata rana da azahar ina wannan aikin sai na ji sallama a bakin danga. Ranau ne da kansa, gajere, da furfura, da warki a ƙugunsa. Ya miƙo mini tafin hannu cike da matattun ƙuda.

Ya ce, "Ɗan nan, me kake zuba musu?"

Na ce, "Baba, ruwan zafi ne kawai. Kai me ka gaya musu da suka bar duniya duka sai kaskona?"

Ya dube ni ya ce, "Ni kuma an gaya mini ku ne kuke janyo su da gangan, kuna ba su guba, don Sarkin Gandu ya samu dalilin raba ni da itatuwana."

Nan na ga ashe kowa na kwana da nasa zargin. Barau na zargina, ina zargin Ranau, Ranau na zargin gandu gaba ɗaya. Muka tsaya muna kallon juna, babu wanda ya yarda da ɗan'uwansa. Daga baya ya ce in na iya barin kajin na ɗan lokaci in biyo shi. Na bi shi, amma sai da na ɗauki sandata.

Ya kai ni wani kududdufi da ke tsakanin gidansu da gandu. Na san wurin, ina yaro a nan muke wanka. Ko a tsakiyar bazara yakan riƙe ɗan laka mai damshi a gindinsa. A shekarar nan kuwa ya bushe ƙaƙas, ya tsattsage. Da rani Barau ya sa an ɗebi ƙasar gefensa an gina sababbin rumbuna, bakin ya buɗe, ɗan ruwan da ya rage ya tsiyaye, shanu suka tattake sauran.

Ranau ya ce, "Nan suke sha tun zamanin ubana. Da zafi ƙuda na ɗibar ruwa su kai gida su sanyaya wa 'ya'yansu, kamar yadda matarka ke yi. Rafi ya yi musu nisa. Kaskonka ne mafi kusa. Kuma inda suka saba, ko ka kashe dubu, dubu za su zo."

Na ce to yaya za a yi. Ya ce abu biyu za a haɗa, in aka yi ɗaya aka bar ɗaya aikin banza ne: a ba su wurin sha nasu, a kuma ɓatar musu da nawa.

Ku saurara da kyau, don wannan shi ne aikin. Muka sami wani tsohon turmi da ya tsage a baki, muka kwantar da shi a inuwar tsamiya kusa da amyoyin, can nesa da gandu. Muka zuba tsakuwa da gutsattsarin kara a ciki yadda ƙuda zai sami wurin tsayawa ya sha ba tare da ya nutse ba. Ranau ya ɗan jefa kanwa, ya ce suna son ruwa mai ɗan gishiri-gishiri da warin ƙasa, ba sa son mai tsabta ƙal. Ya ɗauki alkawarin mutanen gidansa za su riƙa cika shi, ba za a bari ya ƙafe ba ko sau ɗaya. Ni kuma a nawa ɓangaren na kife kaskon, na share wurin, na barbaɗa toka don kada a sami ko damshi. Na sa maginiyar tukwane ta yi mini tukunya mai murfi da ƙofofi a gefe daidai kan kaza, na ajiye ta cikin wata bukka mai duhu, don ƙudan zuma ba ya son shiga duhu neman ruwa. Da asuba kafin ƙudan su tashi, da kuma bayan la'asar sakaliya, nakan fito da kasko zabi da agwagi su sha su ƙoshi, in kife.

Kwanakin farko ƙudan sun yi ta zuwa suna shawagi a kan tokar. A hankali suka ragu, har suka daina. Zabi suka zauna gida. Da na ga an kwana biyu lafiya, sai na mayar da kasko ɗaya waje saboda agwagi, su ba sa iya sa kai a tukunya. Ko ƙuda ɗaya bai sauka ba. Barau ya zo ranar Juma'a, ya duba, bai yi mini kallon nan ba.

Ana nan sai wata safiya ƙudan suka dawo, kuma dawowar ta fi ta farko muni. Ba kaskon kaɗai ba, har ƙasar da ke kewaye da shi sun rufe. A ranar suka harbi ƙaramar 'yar Barau da ta zo wucewa, fuskarta ta haye, aka kwana ana shafa mata magani. Barau bai ko kira ni ba. Ya tura mutum birni. Saƙon da ya dawo shi ne jakada na tafe, in an tabbatar ƙudan Ranau ne ke ɓarna a gandun hakimi, a sauke amyoyin duka a ƙone.

Na ruga wurin turmin, a raina ina cewa tsohon nan ya bari ya ƙafe, ko kuma da ma yaudarata ya yi. Na tarar da shi cike da ruwa, ga 'yan ƙuda kaɗan a kai suna sha. Wato ga nasu ruwan a ƙofar gida, amma sun tsallake shi sun zo nawa. Wannan ya ɗaure mini kai, har na fara tunanin ko matan bakin rijiya sun fi ni gaskiya.

Da la'asar, bayan sun watse, na durƙusa zan kife kaskon. Wani ƙuda ya faɗa ciki yana iyo, na sa yatsa na fitar da shi. Sai na ji yatsan na ɗan danƙo. Na kai baki. Ruwan da zaƙi.

Na zauna a wurin na daɗe. Ruwan rijiya ba ya zaƙi da kansa. Wani ne ya zuba wani abu. Farkon wanda ya faɗo mini shi ne Ranau, tunda shi ke da zuma, amma wane mahaukaci ne zai janyo wa amyarsa wuta? Sai na koma kan Barau, ko shi ne ke neman dalili kamar yadda tsohon ya faɗa. Amma 'yarsa ce aka harba. Na sake lasa, na duba gindin kaskon a haske. Akwai ɗan gari rawaya da ya kwanta. Ba zuma ba ce, garin ɗorawa ne.

A gandun kuwa mutum ɗaya ce ke aikin ɗorawa, Inna Tasalla. Tsohuwa ce, ita ke yin daddawar da ake kai wa gidan hakimi. Aikinta shi ne a fasa ɗorawa, a jiƙa, a wanke garin a fitar da ƙwayar da ake kira kalwa, a dafa a yi daddawa. Ruwan wankin nan rawaya ne, zaƙi gare shi. Kuma Inna Tasalla ba baƙuwa ba ce gare ni. Lokacin da aka ɗauke uwata aka kai wani gandun ina ƙarami, ita ta ja ni ɗakinta, a tabarmarta na girma, ita ta nema mini matar da na aura.

Washegari da sassafe ban je rijiya ba kamar yadda na saba. Na zuba ruwa a kasko, na shiga bukkar tukunya na zauna. Gari ya waye sosai sai ga ta da ƙwarya a ka. Ta tsaya ta dubi hagu, ta dubi dama. Wataƙila kaji take dubawa kada ta taka, wataƙila mutum take dubawa, Allah ne ya sani. Ta sauke ƙwaryar ta watsa ruwan a ƙasa daf da kaskon, rabinsa ya fantsama ciki.

Na fito na ce, "Inna, ina kwana."

Ba ta razana ba. Ta ce, "Lafiya lau, Audu. A nan ka kwana?"

Na ce, "Inna, ruwan nan shi ke kiran ƙudan."

Ta ce, "Ruwan wankin kalwa? Ai don agwaginka nake kawowa, suna son tsintar garin."

Na ce, "Bara ba a nan kike zubarwa ba, a bayan madafa kike zubarwa."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta karkaɗe. Ta ce, "Bara ina da ɗorawar da zan wanke da yawa. Bana fa? Je ka dubi manyan itatuwan nan biyu, 'ya'ya har suna karya reshe, babu mai iya kai ƙugiya saboda amyoyin da aka ƙara a kai. Matan da na tura sun dawo da kumburi. Sarkin Gandu ya ce in daddawar birni ba ta cika ba, ya san na tsufa ke nan, zai ba wata ɗakina." Sannan ta ce, "Ni dai ruwa na zubar. Ƙuda kuma ba ni na halicce su ba."

Na ce, "Za a ƙone wa Ranau amya."

Ta ce, "Allah ya kyauta," ta wuce.

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar ba. In na yi shiru, a ƙone dukiyar mutumin da ya taimake ni, a kuma tabbatar masa da sunan matsafi. In na faɗa, kowa ya san wadda ke wanke ɗorawa, kuma 'yar Sarkin Gandu aka harba. Tsohuwa irin ta ba za ta ɗauki abin da Barau zai yi mata ba. Ga shi kuma ni kaina ban tabbatar ko da gangan ta yi ba.

Na tafi gidan Ranau. Na same shi yana gyaran fartanya. Ban kira sunan kowa ba. Na ce masa na gano ruwan ɗorawa ne ke shiga kaskon, na kuma ce akwai waɗanda amyoyin manyan itatuwan nan suka tsare wa abinci.

Ya ajiye fartanyar ya ce, "Wa ya zuba?"

Na ce, "Baba, ban zo da suna ba."

Ya ce, "Amma ka sani."

Na ce, "Na san wadda ta zubar da ruwa. Ban san abin da ke ranta ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Ku mutanen gandu, in kuna son abu ba kwa zuwa ku tambaya. Da an ce mini ana son ɗorawa, da 'ya'yana sun hau da hayaƙi sun kakkaɓo muku. Yanzu ka zo ne in ceci naku, ko ka zo ne ka ceci nawa?"

Na ce, "Duka biyun, in zai yiwu."

Ya ce sauke amya da zafin nan ba wasa ba ne, ƙuda na iya fushi su tashi gaba ɗaya su bar masa ciyawa. Bai yi mini alkawarin komai ba. Na dawo ban san abin da zai faɗa gaban jakada ba.

Jakadan, Malam Sambo, ya iso da hantsi a kan alfadari. Mutum ne mai sanyin murya da ƙananan idanu. Yadda ake yi, sai a shimfiɗa masa buzu a zauren Sarkin Gandu, mai ƙara ya fara magana, sannan wanda ake ƙara, sannan shaidu. Barau ya faɗi nasa: zabin hakimi sun ɓace, kaji sun mutu, an harbi 'yarsa, kuma mutane na cewa turo ƙudan aka yi. Aka kira ni. Na faɗi labarin kududdufi, da turmi, da tukunya, da yadda suka tafi. Malam Sambo ya ce a kai shi ya gani. Ya duba turmin, ya duba bukkar, ya zo ya tsaya a inda kaskon yake. Na riga na wanke shi na share wurin, ƙuda kaɗan ne ke shawagi.

Ya ce, "To me ya dawo da su?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, lokacin ɗorawa ne. Garinta na ko'ina a gidan nan. Ya shiga ruwan, ruwan ya yi zaƙi."

Ya ce, "Da ƙafarsa ya shiga?"

Na sunkuyar da kai. Barau ya juyo yana kallona. A bakin danga mata sun taru, Inna Tasalla na cikinsu, hannunta a haɓa.

Kafin a sake tambayata sai Ranau ya yi gyaran murya. Ya ce shi tsoho ne, ba ya son rigima da gandun hakimi. Amyoyin da ke kan manyan ɗorawoyin nan biyu zai sauke su da kansa ya mayar can bakin rafi. 'Ya'yansa za su kakkaɓe ɗorawar su kawo gandu. Turmin kuma zai ci gaba da cika shi har ruwan sama ya sauka. Abin da yake roƙo kawai a bar masa sauran, kuma da rani mai zuwa a gyara bakin kududdufin.

Malam Sambo ya daɗe yana kallonsa, ya dubi matan, ya dube ni. Sannan ya ce hakimi na son zabinsa, yana kuma son zumarsa, ba zai so a ƙone ɗaya don ɗaya ba. Ya karɓi maganar Ranau. Ya ƙara da cewa daga yau duk mai wanke ɗorawa ta zubar da ruwan a rami a bayan madafa a rufe da ƙasa, bai kuma kira suna ba. Barau ya buɗe baki zai yi magana, jakadan ya ce, "Ƙasar rumbunan nan, daga ina aka ɗebo ta?" Barau ya rufe bakinsa.

Da zai tafi ni na riƙe masa linzami. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Na-Kaji, na ga abin da ka share. Wannan karon na bar maka. Kada ka sake share wuri kafin in zo."

Ƙudan ba su sake dawowa ba. Amma kada ku ɗauka kowa ya fita lafiya. Cikin amyoyin da aka sauke, mafi yawa ƙudan sun tashi sun bar su, kamar yadda Ranau ya ji tsoro. Zumar da ya samu a shekarar ba ta wuce ta hakimi ba. Muna gaisawa in mun haɗu, amma bai sake taka bakin dangata ba, kuma na ji ya gaya wa 'ya'yansa wai ni da tsohuwar muka haɗa baki tun farko don a raba shi da itatuwan. Barau ya ci gaba da duban zabi kowace Juma'a, ya ƙara da zuwa ba zato ranar kasuwa. Inna Tasalla ta cika daddawarta, ta riƙe ɗakinta har ta rasu. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Na yi jinyarta a ciwon ajalinta, sau da yawa tambayar na zuwa bakina, in dubi fuskarta in haɗiye.

Abin da na koya a aikin shi ne, ba a korar ƙudan zuma da duka ko da wuta. A ba su nasu ruwan tun kafin zafi ya kama, kusa da gidansu, kada a bari ya ƙafe. Na kaji kuma a sa shi a duhu, a tsare shi daga duk abin da ke da zaƙi. Wannan mai sauƙi ne, ko yau kuka fara za ku iya.

Sha'anin mutane shi ne mai wuya. A wurin da kowa ke riƙe da dukiyar wani, kowa na tsoron a ce shi ne, tsoron nan kuma shi ke sa a nuna wanda ya fi nisa da gida. In abu ya lalace a hannunku, kada ku tsaya a kan wa ya yi. Ku bincika wa aka matsa wa har ya rasa bakin faɗa. Da wani cikinmu ya taka ya tambayi tsohuwar nan abin da ke damunta tun ɗorawa na ɗanya, da Ranau bai yi asarar ƙudansa ba, da ni ma ban kai wannan shekarun ina zargin matar da ta goya ni ba.